Tafintar da Na Yi wa Baba a Filin Babura

Wata Asabar a farkon bazarar 2013, ina da shekara goma sha ɗaya, na tsaya a kan benci na katako dafe da kafaɗar Baba, ina kallon babura huɗu a jere suna jiran a ɗage musu igiya. Ƙararsu ta cika mini ƙirji har haƙorana na kaɗawa. Da igiyar ta yi sama suka fita tare, a kwanar farko kuma kowanne ya zube ƙafarsa ta hagu a ƙasa, bayan babur ya karkace, jar ƙasa ta watso mana a fuska. Ni na rufe ido. Baba kuwa ya miƙe tsaye yana ihu yadda ban taɓa jinsa ba: "Ciki, Mubarak! Riƙe ciki!" Mubarak, ɗan maƙwabcinmu, bai ci tseren ba, na uku ya zo, amma Baba ya rungume Kawu Bashiru, mahaifin Mubarak, har hularsa ta faɗi. Sai a hanyar komawa gida aka gaya mini cewa baburan nan ko birki ba su da shi.

Babana, Malam Lawali, mutumin Maraɗi ne. Kafin ya zo Amurka ya yi shekaru yana haya da babur, abin da a can suke kira kabu-kabu, don haka daga jin kukan inji yakan faɗi abin da ke damunsa. A New York tebur gare shi kusa da tashar jirgin ruwa ta St. George, yana sayar da huluna da tabarau da lema da cajar waya ga masu tsallakawa aiki Manhattan. Hausarsa cikakkiya ce, Faransancinsa ma haka, amma Turancinsa na ciniki ne kawai. Ni ce bakinsa. Ni ke karanta masa wasiƙar mai gida, ni ke zama tsakaninsa da malamaina a makaranta, ni ke gaya wa likita inda gwiwarsa ke ciwo. Yakan ce, "Ramatu ce rediyona," ni kuma in yi ta jin daɗi.

Muna zaune ne a Port Richmond, a bene na biyu, saman wani shago mai sayar da doya da manja da katin waya. Kawu Bashiru da iyalinsa suna ƙasanmu ta baya. Shi ɗan zangon Kumasi ne, yana aikin kula da tsofaffi, kuma ba mu haɗa jini ba, zaman tare ne ya mai da shi kawu. Ɗansa Mubarak, wanda nake kira Yaya, yana da shekara goma sha tara a lokacin, yana aiki a wani garejin gyaran motoci. Wani abokin aikinsa ne ya fara kai shi filin tseren, wani ɗan ƙaramin fili mai siffar ƙwai, can bayan an haye gada an yi tafiyar kusan awa ɗaya, wanda wani kulob na 'yan unguwar wajen ke tafiyarwa.

Daga wannan rana Asabar ta zama tamu. Tun da safe nake share matakala, in raka Inna gidan wanki da buhun kaya a keken turawa, in je makarantar allo a ƙasan masallaci, ina karatu ina leƙen agogo. Kafin azahar Inna ta ɗaure mana dambu da kwaɗon zogale, matar Kawu ta zuba wake da shinkafa da baƙin yajin nan nasu a babbar kula, Baba ya cika fulas da shayi, sai mu dunguma cikin tsohuwar motar Kawu, ni da ƙanena Habibu a baya tare da kwalkwalin Yaya da takalminsa mai ƙarfe a tafin hagu. La'asar a bayan mota muke yin ta, a kan kwali. Sauran kwanakin mako kuma wasanmu ya koma tsere: mu zana da'ira da alli a wurin ajiye motoci na bayan masallaci, mu hau kekuna muna jan ƙafar hagu a kwalta. Takalma biyu na kashe a bazara ɗaya, Inna ta rantse na uku da kaina zan ɗinke shi.

Amma duk wanda ya je filin nan sau uku ya san ba a tafiyar da shi yadda ya kamata. Shugaban kulob ɗin wani dattijon Bature ne da ba ya rabuwa da jar hula, mu dai Mai Jar Hula muke ce masa. Sai a ce tsere ƙarfe biyu, a fara ƙarfe huɗu. Sau biyu muna haye gada mu tarar da ƙofa a kulle, an manna 'yar takarda wai an ɗaga, alhali Baba ya rufe teburinsa a ranar da ta fi kowace ciniki. Motar da ke yayyafa wa fili ruwa ta lalace ta yi wata biyu a ajiye, ciyawa ta fito ƙarƙashinta. Baburan kulob masu lafiya 'ya'yan abokan shugaba ake bai wa, Yaya kuwa ya kwashi wanda ya rage ya kwana biyu yana gyara. Mahaya biyu da suka fi kowa iyawa suka gaji suka koma wani fili mai nisa. Abin da ya fi ci wa Baba rai shi ne kwana ta uku, inda ƙasa ta rarake ta yi kwari, katakon shingen wajen kuma ya ruɓe. Kowace Asabar sai ya je ya taɓa shi da ƙafa ya dawo yana girgiza kai. Ba mu kaɗai ke ƙorafi ba. Akwai wani tsoho ɗan Poland da ke zama kusa da mu, shi da Baba ba sa jin yaren juna, amma sun shekara suna zagin shugabannin kulob da hannu da ido, suna shan shayi a kofi ɗaya.

A ƙarshen kakar 2014 aka ce za a yi taron 'yan kallo da shugabanni, kowa ya zo ya faɗi abin da ke ransa. Baba ya yi mako guda yana shiri. Ya rubuta abubuwansa da Faransanci a bayan kwalin tabarau, yana zagaya falo yana maimaitawa, Inna na ce masa ko shugaban ƙasa zai gani. Ranar ta faɗo Lahadi da rana, Kawu yana aiki, Yaya kuma ya ce idan ya buɗe baki a wurin ba za a ƙara ba shi babur ba. Saura ni. Baba ya sa shuɗiyar shaddarsa ta Juma'a, ya aro motar Kawu, muka tafi mu biyu.

A wata rumfar kwano aka yi taron, mutum kamar hamsin a kan kujerun roba. Waɗanda suka fara magana duk kewaye-kewaye suka yi, Mai Jar Hula yana gyaɗa kai yana duba agogo. Da Baba ya miƙe, rigarsa ta kama kujera ta kifar da ita. Wasu suka yi dariya. Ya yi sallama da ƙarfi, dariyar ta ƙaru kaɗan, na kuma hango wani yaro sa'ana ya ɗaga waya yana ɗaukarmu. A shekarar ne na shiga sabuwar makaranta, inda aka yi ta tsokanata a kan ɗankwalina da warin daddawar abincina, har na koma cin abinci a ɗakin karatu. Sai na ji duk wannan ya biyo ni cikin rumfar.

Baba bai kula ba. Ya yi magana a natse, da Hausa, yana ƙirgawa da yatsu. Ya faɗi zancen lokaci, da motar ruwa, da rabon babura. Ya ce shi tsohon direban moto ne, wato babur, ya ga yadda rami ke kashe mutum, kuma kwana ta uku za ta ci wani idan ba a gyara ta ba. Sannan ya faɗi abin da har yau yake tsaya mini a wuya. Ya ce bai zo zagin kowa ba. Shi da abokansa shida za su zo da shebur da katako su gyara kwanar da hannunsu, kyauta, a ba su izini kawai da makullin ƙofa. Ya juyo ya dube ni ya ce, "To, ɗiyata, gaya musu. Kada ki rage komi."

Na miƙe. Na dubi wayar yaron, na dubi jar hular. Abin da ya fito daga bakina da Turanci shi ne, babana ya ce yana son wannan kulob ƙwarai, kuma ya gode muku. Shi ke nan. Aka yi tafi. Mai Jar Hula ya taso ya kama hannun Baba yana girgizawa, yana cewa ga irin 'yan kallon da ake so. Tsohon nan ɗan Poland ne kaɗai bai tafa ba, ya dube ni ya kau da kai.

A mota, da muka hau gada, Baba yana kallon hanya ya ce, "Ramatu, ni na yi magana mai tsawo, ke kin yi gajera."



"Ban iya Turanci ba," in ji shi, "amma na san tankiyu. Kullum ina faɗinta sau ɗari a bakin tebur. Ba ita na zo faɗi ba yau."

Na fashe da kuka na ce masa sori, da Turanci, kamar yadda muka saba amsa wa iyayenmu.

"Mi ya ba ki kunya? Rigata ko bakina?"

Bai sake tambaya ba. Da muka iso gida Inna ta ce yaya taro, ya ce, "An yi lafiya," ya ninke kwalin ya sa a aljihu. Bai gaya mata ba, bai gaya wa Kawu ba. Da ya dake ni, ina jin da abin ya fi mini sauƙi.

Sanyi ya zo ya wuce, ba a taɓa kwanar ba. Sau da yawa na yi niyyar rubuta wa kulob wasiƙa in faɗi abin da Baba ya ce, har na fara a bayan littafin lissafina, amma rubutawa na nufin in yarda da abin da na yi, sai in yage. A Asabar ta uku da buɗe fili a 2015, Yaya Mubarak yana kan gaba a karo na farko a rayuwarsa, tayarsa ta gaba ta faɗa kwarin nan. Babur ya cilla shi, ya daki shinge, ruɓaɓɓen katako ya karye maimakon ya tare shi, ya wuce ya bugi ƙarfen da ke baya. Na ga Kawu Bashiru yana gudu a tsakiyar fili ba takalmi. Ƙashin cinyar Yaya ya karye wuri biyu. Ya yi wata huɗu bai taka ba, kuma bai ƙara hawa babur ba.

Ranar Baba ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka filin ba muddin mutanen nan ne ke riƙe da shi. Mutanenmu duka suka bi shi, wasu 'yan kallon ma suka janye. Mun ɗauka idan benci ya zama wayam shugabannin za su sauka a samu wasu. Ba su sauka ba. Sun ci gaba da abinsu a gaban mutum ashirin, sannan goma, bayan shekara biyu aka rufe filin aka sayar. Da labari ya zo, Baba ya ce, "Mun yi fushi da mutum guda, mun rasa wuri duka."

Sai da na shiga jami'a na iya gaya wa Yaya abin da ya faru a rumfar. Yana gareji, ya jingina da mota saboda ƙafar ba ta son doguwar tsayuwa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ei, Ramatu, wannan kika ɗauka a kai duk shekarun nan? Mutumin nan taurin kai gare shi paa, ba kaɗan ba. Ko da lasifika kika faɗa, ba zai ba da makulli ba." Mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Amma shi bai sani ba, ni ma ban sani ba, domin ba a taɓa gaya wa mutumin ba.

Yanzu inda filin yake wani dogon sito ne da manyan motoci ke shiga suna fita. Yaran unguwarmu ba su san an taɓa yin wani abu a wurin ba, Asabar ɗinsu a waya take ƙarewa. Baba ya tsufa, gwiwa ta hana shi tsayuwar tebur, yakan zauna bakin taga yana kallon tseren wasu ƙasashe a 'yar wayarsa, murya a rage don kada ya dami kowa. Tsakanina da shi lafiya lau, har yau ni ke karanta masa wasiƙu da takardun magani. Amma tun daga wannan Lahadin, duk lokacin da zai yi magana a gaban jama'a, Habibu yake kira ya raka shi. Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Maganar minti uku ce, na so a ce na faɗe ta.