Baba Agogo Bai Ce a Tafi Ba

Wanda Ya ba mu aronka Ya karɓi abinSa, mu ma kuma can muka nufa. Ranar Alhamis, sha ɗaya ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya yi wa Baba Agogo rasuwa, mai horar da 'yan tseren ƙasarmu, bayan kwana huɗu a gadon asibiti da harsashi uku a jikinsa. Harsasan nan ni aka auna da su. Ni ne kyaftin ɗin 'yan tsere, ni ne kuma wanda aka zaro daga ƙarƙashinsa babu abin da ya same ni sai ƙujewar haɓa.

Baba, ba don in jera yabonka kaɗai na ɗauki alƙalami ba. Ana yi maka ƙarya tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba. Ƙaryar ta shiga har cikin gidanka ta zauna a zuciyar Mama, matarka, ni kuma da na san gaskiya na yi gum. Yau zan faɗe ta, ko da za ta ja mini tsinuwa.

Shekara goma da suka wuce ka tsince ni a bakin tasha, ina bin motar haya da ta tafi da jakata. Na kamo motar, na dawo ina haki, sai ga wani dattijo da agogo rataye a wuya yana ƙare wa ƙafafuna kallo. Ka ce, "Kai Ƙafar Sauro, wa ya koya maka gudu?" Na ce babu kowa. Ka ce, "Ai na gani." Sunan ya bi ni har yau, har uwata ma da shi take kira na in na ɓata mata rai. Lokacin da naman cinyata ya yage, ɗakin baƙinka ka kwantar da ni mako shida, kana ɗora mini ƙanƙara da hannunka, Mama tana faɗan na cinye mata abinci ban ƙara ko ƙiba ba. Ƙusoshin takalman gudunmu kai kake sauya su ɗaya bayan ɗaya, tabarau a kan hanci, don ka ce matashi ba ya ganin abin da ya lalace sai ya kayar da shi.

Aibina ɗaya ne, nawar tashi. A ji ƙarar bindiga kowa ya fice, ni ina nan kamar mai jiran a kira sunansa. Shekara uku ka yi kana yaƙi da wannan hali. Ka sami katako biyu kana buga mini su a bayan kunne, a fili, a mota, har ina tsakiyar cin abinci, in ban zabura ba in zagaya fili sau biyar. Kullum maganarka ɗaya ce: "Kada ka yi tunani. Ka ji ƙara, ka tafi. Tunanin ya same ka a hanya." Kafin ka zama mai horarwa ka yi shekara ashirin kana alƙalin tashi, kai ke harba bindigar da ke sakin 'yan tsere, don haka babu mai yi maka musu a kan wannan.

Saura mako uku gasar nahiya, bam ya tashi a tashar jirgin ƙasa ta birnin da za a yi ta. Waɗanda suka dasa shi suka fito suka ce filin wasa ne na gaba. Ƙasashe biyu suka janye. Hukumar wasanni ta tara mu a ɗakin taronta, mai dogon tebur da fankar da ba ta daina kuka, ga tsofaffin kofuna sun yi ƙura a cikin kabad. Shugaban hukuma ya tambayi ra'ayin kowa. Ka miƙe kana dafa gwiwarka mai ciwo, ka ce, "Ni dai a janye. Ban ce har abada ba, wannan karon kawai. Mutanen nan sun faɗi wuri, sun faɗi mako. Yaran nan amana iyayensu suka ba ni."

Ni ne na tashi na bugi tebur har kofin ruwa ya kife. Shekarata ashirin da tara, na san wannan ce gasata ta ƙarshe, kuma a raina na riga na rataya lambar a wuya. Na ce, "Baba, tsufa ne ya kama ka ko tsoro? Kai ka gama naka gudun, shi ya sa namu bai dame ka ba. In muka janye ai mun miƙa wa 'yan ta'adda nasara ba su harba ko ɗaya ba." Sannan na kira ka matsoraci, a gaban yaran da ka rena, a gaban mutanen da ba su kai su ɗaure maka takalmi ba. Washegari na zagaya da takardar koke, mutum ashirin da biyu cikin ashirin da huɗu suka sa hannu a tafi. Shugaban hukuma dama tafiyar yake so, ya karɓi takardar yana murmushi.

Ba ka rama ba. Ka ce, "To Ƙafar Sauro, na ji. Kowa ya kawo fasfo ɗinsa." Na ce maka ba dole ba ne ka zo. Ka ce, "In ban zo ba wa zai riƙe muku agogo? Kai da ko shekarunka sai ka ƙirga da yatsu." Aka yi dariya, ni ban yi ba, don lokacin ina ji da kaina.

Ranar Lahadi, ƙarfe goma da 'yan mintoci na safe, aka kira zagayen farko na mita ɗari huɗu. Layi na takwas aka ba ni, na can waje, inda mutum yake gaban kowa ba ya ganin kowa. Kai kana tsaye a bayan allunan talla, daidai ƙarshen lanƙwasar farko, inda ka saba tsayawa. Muka durƙusa. Alƙali ya ɗaga bindiga ya ce a shirya. Sai ƙara ta tashi, mu takwas muka fice.

Ba alƙali ne ya harba ba. Mutum huɗu ne ɗauke da bindigogi suka shigo ta babbar ƙofar da ke gefen fili, suka fara da mai gadi. A ƙa'idarmu, in aka ji harbi na biyu, wani ya riga lokaci ke nan, sai kowa ya tsaya a dawo a sake. Da harbi na biyu ya zo, rabinmu suka rage gudu, suka miƙe tsaye, hannu a ƙugu, suna waigen wanda ya ɓata tashin. A tsaye aka harbe su. Na layi na uku harsashi ya shiga ta wuyansa yana cikin girgiza kai don takaici. Alƙalin tashi har ya faɗi hannunsa na sama da bindigar da bai harba ba, kuma saboda ita suka yi masa ruwan harsasai fiye da kowa. Duk wannan daga baya na gani a hoton bidiyo. A lokacin ni na ji harbi na biyun, na ce ba da ni ake ba, don tunda nake ban taɓa yin tashi mai kyau irin wannan ba. Na ji filin ya ɗauki ihu, na ɗauka ni ake yi wa. Na ƙara wuta, ban sani ba ashe ina nufar ƙofar da suka shigo kai tsaye.

A duk filin nan kai ka fara gane abin da ke faruwa, don kunnenka ya san bindigar wasa, ya san wadda ba ita ba. Da shekara sittin da uku da gwiwar da ba ta hawa bene, ka tsallake allon talla ka tare ni da kafaɗa a ƙugu. Muka zube tare, haɓata ta daki ƙasa. Baba, Allah Ya sani, ni ma na sani, abin da na yi a wannan lokacin shi ne na kai maka gwiwar hannu a haƙarƙari, ina ihu, "Ka haukace ne? Ka kashe mini tsere!" Ka danne kaina da tafin hannunka, ka haye bayana, ka ce, "Kwanta, ɗan banza, kwanta!" Sai na ji jikinka ya girgiza sau uku, kamar ana dukan katifa da sanda. Wani abu mai ɗumi ya gangaro ta wuyana ya cika mini kunne. Ɗaya daga cikinsu ya zo ya wuce ta gabanmu, ba na ganin komai sai takalminsa, farin kambas irin wanda kowa ke sawa, igiyar ɗaya a kwance. Ya ga jini ya rufe mu, ya ɗauka an gama da mu duka. Hannunka bai bar kaina ba har aka daina harbi.

Mutum talatin da bakwai aka kashe a ranar. A cikin namu akwai mai tsallen nesa, wadda ba ta cika shekara ashirin da biyu ba. Ita ce ta biyu da ta sa hannu a takardata, kuma ni na miƙa mata biro.

A rana ta uku ka farfaɗo sau ɗaya, ga robobi a hanci da hannu. Ka dube ni ka ce, "Ƙafar Sauro, tashin nan ya yi kyau." Sannan ka tambayi ko yaran sun cika. Na faɗa maka. Ka juya fuska bango, hawaye na bin gefen idonka. Na buɗe baki in roƙi gafara, ma'aikaciyar jinya ta ce lokaci ya yi, in fita. Ba ka sake magana da kowa ba. Mama tana gida tana jiran takardar izinin tafiya wurinka, sai akwatinka ne ya iso mata.

Ga inda ƙaryar ta shigo. Shugaban hukuma ya zo gaisuwa da 'yan jarida a bayansa, ya tsaya a tsakiyar falonka, ya ce marigayi shi ne ya tsaya kai da fata a kan ba za mu durƙusa wa 'yan ta'adda ba, kuma da sunansa za mu halarci gasa ta gaba nan da wata biyu. Jaridu suka ɗauka. Ina zaune a wurin, ban ƙaryata shi ba. Da suka watse Mama ta kira ni bakin ƙofar kicin, ta ce, "Ɗana, zo nan. Da gaske shi ya dage a tafi? Yana zaune a bakin gado yana ɗaure takalmi ya rantse mini ya yi iya ƙoƙarinsa a fasa, an fi ƙarfinsa. Shekara talatin da shida bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ashe da ƙarya zai yi mini sallama?" Na sunkuyar da kai na ce, "Mama, sai haƙuri." Abin da na iya faɗa ke nan, ni da na kira wani matsoraci. 'Yarka ta gaya mini tun ranar Mama ta kulle ɗakinka, ko an ambace ka sai ta tashi ta bar wurin.

Ranar Litinin hukuma za ta sake zama a kan ko a je ko a janye, kuma an ce kyaftin zai yi magana. Har yanzu ina ganin ƙasar da ta kulle kanta a gida duk lokacin da aka yi mata barazana, wata rana ko kasuwa ba za ta iya fita ba. Amma na ga abin da ake biya, na ji ɗuminsa a kunnena. Zan ce musu wanda zai tafi ya tafi da sanin abin da ke gabansa, wanda ya ce a janye kada a kuskura a zage shi, kuma inda aka faɗi wuri aka faɗi lokaci, a zauna a gida. Zan kuma ajiye takardar koken nan a kan tebur, da sunana a samanta, in ce wa shugaban hukuma ya cire sunanka daga bakinsa. In suna son wanda za su ce ya dage, ga ni.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba Agogo, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka jiƙan 'yar'uwarmu mai tsalle da duk waɗanda suka faɗi a filin nan. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa da jikokinsa, da ƙannensa, da duk wanda ya taɓa gudu Baba yana riƙe masa agogo. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ke kuma Mama, ki buɗe ɗakin nan. Mijinki bai yi miki ƙarya ba. Ya ce a janye, ya faɗa a gaban kowa, ni na ƙaryata shi, ni na tara hannayen da suka fi ƙarfinsa, ni ne kuma ya bi har can ya rufe da jikinsa. Yaron da kika ciyar mako shida a gidanki shi ya raba ki da shi. Gobe da safe zan zo in maimaita miki wannan da bakina. In kin buɗe mini ƙofa, na gode. In kin rufe, ba ki zalunce ni ba. Shi dai ki yi masa addu'a da zuciya ɗaya, don da gaskiya ya yi miki sallama.