Mai Shan Miya a Ciyayyar Layinmu

A layinmu na unguwar Gwallaga a Bauchi, da an sallame sallar magariba kowane magidanci yakan sa a fito da kwanonsa ƙofar gidan dattijon unguwa. A shimfiɗa tabarmi, a jera kwanuka, a ci tare. Tun ina saurayi ina koyon ɗinki nake zama a wannan ciyayya, kusa da yayana, har furfura ta same ni a kanta. Ba a daina zuwa sai in mutum ya tashi daga unguwa ko ya riga mu gidan gaskiya. Don haka ranar da aka ce ina da ciwon sukari, irin wanda ya tafi da Yaya, ba magani ne ya fara faɗo mini a rai ba. Tabarmar nan ce.

Wata ma'aikaciyar asibiti mai faɗa ce ta koya mini lissafin. Ta ce a cikin abinci akwai sitaci da ke narkewa ya koma sukari a jini, akwai kuma ɓangaren da ciki ba ya narkarwa, irin na ganye da ɓawo, ya shiga ya fita abinsa. Shi wannan a cire shi, abin da ya rage shi ake ƙirgawa, kamar yadda ake sheƙe ƙaiƙayi kafin a auna hatsi. Ta yanka mini rabon yini, ɗan mitsitsi. Ni tela ne, awo bai taɓa ba ni tsoro ba. Da na auna sai na ga malmalar tuwo guda ta cinye rabon nan har ta shiga na gobe. Zogale kuwa, da kuɓewa da kabeji, in an cire abin cirewa, saura kaɗan ne.

Matsalar ita ce ciyayya tana da ladabinta. Loma babba, miya kaɗan, haka aka horar da mu tun muna yara. Wanda ya bi miya ya bar tuwo, sunansa makwaɗaici. Ni kuma ga ni da gemuna, ina zagaye tuwo ina neman kuɓewa. Wani bakanike da ke zama gefena ya fara janye kwanon miya in ya ga hannuna. Kafin wani lokaci an laƙaba mini Mai Shan Miya, har yaran layi sun ɗauka.

Na ji haushi ƙwarai, amma ban janye ba. Na ce wa maiɗakina ta daina tuƙa tuwon fita, ta riƙa cika babban kwano da kwaɗon zogale, ƙuli-ƙuli daidai gwargwado don shi ma yana da nasa lissafin, a ɗora ƙwai ko awara. Ranar farko da na buɗe shi bakaniken ya leƙa ya ce, "Malam tela, awakin gidanka sun san ka kwashe musu kalaci?" Aka yi ta dariya. Na ce awakin sun fi shi lafiyar ido. Wasu suka ce in ci nawa a cikin gida, in fito hira kawai. A kan me? Wurina ne, ban kuma ci na kowa ba.

Abin ya kai maƙura ranar da aka yi suna a gidan dattijon. Aka fito da masa faranti guda, mai zafi, gefenta ya soyu, ga miyar taushe. Duk wanda aka haifa a Bauchi ya san abin da ƙamshin nan ke yi wa mutum. Ba zan yi ƙarya ba, yawuna ya tsinke. Na lissafa a zuci, shinkafa ce zalla da sukari, babu abin cirewa ko kaɗan.

Dattijon, wanda muke kira Baba, abokin mahaifinmu ne, ba a yi masa musu. Ya ɗauki masa ɗaya da hannunsa, ya tsoma a miya, ya ajiye a gabana.

"Ci," in ji shi. "Jikana aka raɗa wa suna. Guda ɗaya ba ta kashe mutum."

"Allah ya raya, Baba. Ka gafarce ni, ba zan ci ba."

"Boko ya shiga kanka da tsufa. Yayanka ma yana da ciwon nan, bai taɓa mayar mini da hannu ba."

Gaskiya ya faɗa. Yaya mutum ne mai kunya. Kullum guda ɗaya ce, yau ta suna, gobe ta biki, jibi don kada ran wani ya ɓaci. Na ji zuciyata tana tafasa, amma na sassauta murya, don babba nake wa magana.

Na ce, "Haka ne, Baba. Shi ya sa ranar da aka yanke masa ƙafa, ni na karɓo ta a asibiti cikin farin ƙyalle. Kai ka raka ni maƙabarta muka binne ta, shi yana kwance da ransa yana tambaya ko mun yi mata rami mai kyau. Ni ina so in je can gaba ɗayana."

Baba ya daɗe yana kallon masar. Na jawo kwanon zogalena na yi bisimilla, ina jiran a ce in tashi.

Ba wanda ya ce. Can sai Baba ya miƙa hannu ya ɗauke masar daga gabana, ya mayar cikin faranti. Ya dubi bakaniken ya ce, "Kai, tura masa miyar nan gabansa."