Salatif a Ƙotar Bindigar Baba

Bayan an yi sadakar arba'in ɗin Baba na sauka gida daga Funtuwa, don Inna ta aiko cewa akwai kayansa a ɗakin zaure da ba ta iya taɓawa. Garinmu ɗan ƙauye ne a gefen Ƙarfi. Daga Malumfashi na hau babur, muka ratsa gonakin masara da aka riga aka karye, sai karan dawa a tsaitsaye.

Kayan ba su da yawa. Riguna, buzun sallarsa, rediyo, sai bindigar toka a jingine bayan ƙofa. Da ita yake gadin gonarmu ta bakin daji tun muna yara, saboda birai da aladen daji da ke ɓarnar masara. Wani lokaci ya dawo da zabon daji a rataye, ranar kuwa miyar gidanmu har maƙwabta sai sun ji ƙanshinta. An yi shekaru ba mu noma wannan gonar ba, tun da ɓarayin daji suka hana mutane yin nisa da gari.

Da na ɗauko ta na ga ƙotar duk an naɗe ta da baƙin salatif irin na masu gyaran waya, an yi naɗi kan naɗi har ta yi kauri. Zafi ya narkar da danƙon, ya yi baƙi ƙirin, ya kwashe ƙura da gashin kaji. Raina bai so ba. Na san bindigar nan da ƙota ja mai sheƙi, wadda Baba yake shafa wa man gyaɗa duk ranar Juma'a bayan ya dawo masallaci. Na ce a raina lallai itacen ne ya tsage, ya ɗaure shi. Na yi niyyar cire komai in kai wa maƙeri ya duba.

Na fara tabbatarwa babu albarushi a cikinta, kamar yadda Baba ya koya mana, sannan na ajiye ta a rana don danƙon ya yi laushi. Da hantsi na zauna gindin darbejiyar tsakar gida da tsumma da ɗan kananzir a murfin kwalba. Naɗin sama ya fita da sauƙi. Na ƙarƙashi ya bushe, sai ya riƙa gutsurewa a farcena. Ban sa reza ba don kada in yanki itacen, na samo tsohon cokalin roba ina kankarewa a hankali. Inda danƙon ya kafe sai in ɗiga kananzir, in jira, in murza. A ƙarƙashin salatif ɗin na tarar da robar tib ɗin keke, a ƙarƙashinta kuma yankin tsohon zane.

Na kai kan itacen, na goge, na juya shi ta ko'ina. Babu tsagewa ko kaɗan.

Inna tana bakin murhu tana tsince wake. Na tambaye ta me ya sa Baba ya naɗe ƙotar da lafiyarta lau. Ta ajiye faifan, ta daɗe tana kallon hannuna.

"Yatsunsa ne suka daina lanƙwashewa," in ji ta. "Sai ya ƙara mata kauri don ya iya riƙewa. Zanen nan nawa ne, ni na yaga masa."

Ta ce a shekarun ƙarshe ko harbi ɗaya bai yi da ita ba. Da yamma yakan ɗauke ta ya tafi ƙarshen gari, ya zauna kan wani dutse yana hango hanyar gonar, kafin magariba ya dawo. Duk sanda hannun ya ƙara ƙagewa sai ya aiki masu zuwa kasuwar Malumfashi su sayo masa salatif. Ta ce ya hana a faɗa mini, wai ina da iyali da shago a kaina.

Nakan zo gida duk sallah. Na tuna yadda ya koma miƙo mini hannu biyu idan za mu gaisa, na ɗauka tsufa ne kawai ya sa shi haka. Na duba tarin salatif ɗin da ke gabana a ƙasa. A wani yanki da ya fita bai yage ba, ana ganin shatar yatsunsa inda suka lotsa robar. Da na sani da wuri, da ban taɓa ba.

Na ce, "Inna, ko in mayar?"

Ta girgiza kai. Ta ce in ƙarasa, ita ma ta fi son ta gan ta kamar lokacin da yake da ƙarfinsa.

Na ƙarasa. Na wanke warin kananzir da ɗan ruwan sabulu, na shanya, ta ba ni man gyaɗa a ludayi na shafe ƙotar har jan ya dawo. Inna ta karɓa ta ɗora a cinya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba a rayuwata, ta ba ni labarin ranar da Baba ya sayo ta wajen wani maƙeri a Musawa, ina goye a bayanta. Wai ya dawo yana ta taƙama, harbinsa na farko kuma ya kuskure zomo ya fasa tulun maƙwabci. Ta yi dariya har sai da ta share ido da bakin mayafi.

Ban kai ta wajen maƙeri ba. Ƙanena ya buga ƙusa a ɗakin Inna muka rataye ta sama da gadonta. Da la'asar, kafin in kama hanya, na roƙe shi ya raka ni ƙarshen gari ya nuna mini dutsen. Muka zauna a kai. Daga nan ba a ganin gonar, sai kan wata tsamiya da ke bakin iyakarta.