Jar Fitilar Bakin Ƙofa

Shekaru sun share min abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu kasuwannin da na daɗe ina zirga-zirga a cikinsu sai na yi tunani kafin su zo min. Amma kwana guda da yini guda da na yi a kwance a ƙasan banɗakin wani otal a ƙasar Thailand, wannan kam ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah. Ko na so mantawa ƙuguna ba zai bari ba, duk safiyar da aka yi sanyi sai ya tuna min.

A lokacin ina sarin takalma da jakunkunan mata a Guangzhou ina aikawa Kano. Masaukina wani tsohon gini ne a unguwar Sanyuanli, hawa na huɗu, inda kusan kowane ɗaki namu ne: Kanawa, 'yan Nijar, da mutanen zangon Ghana. A wannan hawan ba a rufe ƙofa. Da silifas ake tokare ta. Wannan ta shigo aron salatif, wancan yana neman sikeli, wata ta kawo samfurin leshi a taya ta zaɓen kala. Ga kwalaye jibge a hanya, sai ka karkace kafin ka wuce. Ka yini a kasuwa ana ce maka "meyo, meyo", wato babu, ka dawo ƙafafu sun kumbura, ka tarar da mutum uku zaune a bakin gadonka suna jiran shayi.

Duk cikinsu babu wadda ta kai min wuya kamar wata dattijuwa 'yar Kumasi da muke kira Hajiya Babba. Ita ke aika mana kaya, kwalayena duka ta hannunta suke bi. Tana da halaye biyu da suke cin raina. Na farko, kowace takarda ta gani sai ta ɗauke ta hoto a wayarta, ko da rasit ɗin tasi ne. Na biyu, kullum da sassafe sai ta bi ɗakunan mata ɗaya bayan ɗaya da fulas ɗin koko, ta buga ƙofa sau uku ta ce, "Ka tashi lafiya?" Haka Hausarsu ta zango take, mace da namiji duk "ka" ne. Ba ta tafiya sai ta ga fuskarka. In ka amsa daga ciki ta ce ba murya ta zo gani ba.

Bizata irin wadda duk bayan wata guda sai ka fita daga Caina ka sake shigowa ce. Da lokacin fita ya matso a wannan karon, na riga na gaji gajiyar da barci ba ya maganinta. Masana'anta ta ɓata min ɗinkin jakunkuna, na yi mako biyu ina sintiri a kai, kaina kullum kamar ana sara shi. Sai na ƙudurta cewa ba zan bi ayarin da aka saba fita tare ba. Na nemi wani ƙaramin gari a arewacin Thailand inda ban taɓa jin wani namu ya je ba, na sami otal sabo mai araha, na kama ɗaki na kwana huɗu. Ban gaya wa kowa sunan garin ba, har 'ya'yana a Kano ce musu kawai na yi zan ɗan fita in dawo. Takardar kama ɗakin a ofishin Hajiya Babba na buga ta, don ita ke da na'urar. Ina kallo ta ɗaga wayarta ta yi mata ƙyas, na yi tsaki na fizge abata.

Ana gobe zan tafi ta bugo ƙofa kamar kullum, ni kuwa ban daɗe da samun barci ba. Na buɗe a fusace na ce, "Hajiya, don Allah ki bar ni in sha iska. Ni ba 'yarki ba ce, ba kuma kwalin kayanki ba ce da za ki riƙa duba ni kowace safiya." Ta dube ni, ta ajiye fulas ɗin a bakin ƙofa, ta ja ƙafarta ta wuce ɗaki na gaba. Washegari ba ta bugo ba. Ina jan akwatina zuwa filin jirgin Baiyun ina jin daɗi, wai na yi maganinta.

Gaskiya otal ɗin ya burge ni. Gini ne fari mai hawa biyar a bayan wata kasuwar 'ya'yan itace, ko'ina tas, yana ƙanshin lemun tsami. Kuɗin kwanansa bai kai na kurkukunmu na Sanyuanli ba. Wata matashiya a teburin karɓar baƙi ta haɗa tafin hannuwanta ta sunkuyar da kai, ta miƙo min katin buɗe ƙofa. Da ɗan Turancina da ɗan nata na roƙe ta ɗakin da ya fi kowanne nisa da mutane. Ta ba ni na can ƙarshen hanya a hawa na biyar, ta ce babu kowa a kusa da ni.

Ƙofar ɗakin mai nauyi ce, da kanta take rufuwa, tana rufuwa kuma duniya ta yi tsit. Gado fari ƙal, na'urar sanyaya ɗaki tana hurawa a hankali, ta taga ana hango gonakin shinkafa. A jikin bango kusa da ƙofa akwai wani ɗan maɓalli da yarinyar ta yi min bayaninsa: in ka danna, jar fitila za ta kama a waje, babu mai buga maka ƙofa, ko mai shara. Na danna shi, har na leƙa waje don in ga fitilar da idona. Na kashe wayata na jefa ta cikin jaka a kan tebur. Na tuna na tsaya a tsakiyar ɗakin na ce alhamdulillahi, yau dai babu mai tambayata ko na tashi lafiya.

Azahar ta yi, na shiga banɗaki, wanda yake can ƙuryar ɗakin, nesa da ƙofa. A nan na tuna na baro butata a Guangzhou. Na taɓa famfon wanka, ruwa ya zubo min daga sama ya jiƙa min ɗankwali, na yi maza na kashe. Akwai ɗan tiyo a gefen masai, amma na ƙyamaci in yi alwala da shi. Saura wurin wanke hannu, wani farin kwano kamar akushi da aka ɗora a kan dutse mai tsayi. Na wanke fuska da hannuwa, ruwa yana ɗiga a kan tayil mai santsi. Sai na ɗaga ƙafar dama na cusa a cikin kwanon, ni da na ba wa arba'in baya da daɗewa, ga jiki ba kaɗan ba. Ta hagun ta zame.

Na ji ƙarar abin da ya karye kafin in ji zafinsa. Da na dawo hayyacina ina kwance a gefe ɗaya, ƙafata ta juya wani iri. Na yunƙura zan ja jiki, wani azababben ciwo ya taso daga ƙugu ya rufe min ido. Na gwada ya fi a ƙirga. Iyakar abin da na iya matsawa bai wuce taku ɗaya ba, wayata kuwa tana can cikin jaka a kashe, kamar tana wata ƙasa.

Na yi kira. Na kira da Hausa, na kira da Turanci, har da 'yan kalmomin Cainancin da na sani na kasuwa. Ɗakin da na biya don ya hana ni jin kowa, shi ya hana kowa ji na. Kafin la'asar muryata ta dushe. Sanyin da na yaba ɗazu ya shiga ƙashina, tufafina a jiƙe, haƙorana suna haɗuwa. Ƙishirwa ta matsa min, na miƙa hannu na janyo tiyon nan da na ƙyamata, na sha. Sallolina a kwance na yi su da ido, ban san ma ina gabas take ba. Haka dare ya zo ya wuce.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne safiyar. Haske ya shigo ta ƙasan ƙofar banɗaki, sai na tsinci kaina ina sauraro. Jikina ya saba, lokacin koko ya yi. Ina jiran bugu uku, ni da na yi tafiyar awanni a jirgi da mota don in guje musu. Can da hantsi na ji ƙarar tayar keken masu shara daga nesa, tana matsowa, tana tsayawa, tana matsowa. Ta zo daidai ƙofata. Na ɗauki kan tiyon ina buga shi a tayil da duk sauran ƙarfina. Keken ya ɗan tsaya, sannan na ji ya juya ya koma. Daga baya matar da ke tura keken ta ce ta ji ƙwanƙwasa, amma ta ga jar fitila, su kuma an koya musu cewa baƙo mai jar fitila ba a damunsa. Ban ga laifinta ba. Abin da na nema shi suka ba ni, cikin ladabi.

A nan na yi kuka, irin kukan da babu murya. Kwana huɗu na kama ɗakin, na san ba za a buɗe ƙofar nan ba sai sun cika, kuma na san ba zan kai ba. Ba mutuwar ce ta fi ba ni tsoro ba. Tun daga tashar mota har otal ban ga masallaci ko ɗaya ba. Na riƙa tunanin wa zai wanke ni, wa zai sallace ni, wa zai gaya wa 'ya'yana inda aka sa uwarsu. Daga nan tunanin ma ya gaji, na daina jin sanyi, na fara jin wani barci mai daɗi yana jana.

Rana ta karkata lokacin da na ji bugun. Sau uku. Na ɗauka mafarki ne. Aka sake bugawa, sai ƙofa ta yi ƙara ta buɗe. Yarinyar teburin baƙi ce ta leƙo banɗakin, waya a kunnenta. Da ta gan ni ta durƙusa, ta ciro tawul ta lulluɓe ni, ta kara min wayar. Muryar da na fi tsana a duniya ta ce, "Ka tashi lafiya?" Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai wani gurnani. Ta ce, "To, na ji. Ba yarinyar."

A asibitin garin aka yi min aiki aka sa ƙarfe a ƙugun. Yarinyar tana zuwa duba ni in ta tashi daga aiki, da 'yar ledar mangwaro, kuma ita ta ba ni sauran labarin ta manhajar fassara a wayarta. Wai tun da safe wata mata take kira daga Caina. Yarinyar ta gaya mata baƙuwar ta kunna jar fitila, doka ba ta yarda a dame ta ba. Matar ta kashe ta sake kira. Ta sake kira. Ta sa wani ɗan Caina ya kira, ta sa wani mai Turanci ya kira, ta hana wayar otal ɗin hutawa har baƙi suka kasa samun layi. A ƙarshe ta sa aka gaya wa yarinyar cewa ta je ta buga ƙofar sau uku, in baƙuwar ta yi faɗa ta ce Hajiya Babba ce ta aiko ta, ta saba shan faɗanta. Yarinyar ta yi dariya ta ce ita fa ba tausayi ne ya hau da ita sama ba, gajiya ta yi da matar.

Bayan makonni na koma Sanyuanli a keken guragu, maza huɗu suka ɗaga ni zuwa hawa na huɗu. Na tarar an aika kwalayena Kano, an share ɗakina, butata tana nan inda na bar ta. Da Hajiya Babba ta shigo na kama hannunta zan ba ta haƙuri, kunya ta hana ni haɗa ido da ita. Na tambaye ta yadda aka yi ta san wani abu ya same ni, alhali na ce a bar ni. Ta zare hannunta tana zuba koko a kofi ta ce, "Kai da kake tambayata kwalinka sau biyar a yini, ka kwana ka tashi ba ka tambaya ba? Na ce wannan ko ya mutu ko yana hanya." Ta nuna min hoton takardar otal ɗin a wayarta, tsakanin rasit ɗin tasi da na wani kwalin fitilu. Maganar da na faɗa mata kuwa ba ta taɓa tayar da ita ba, ni ma ba ta bar ni na tayar ba.

Yanzu ta daɗe da komawa Kumasi, ƙafafu sun ƙi. Ni ma na rage zuwa, kuma har yau hayaniyar hawa na huɗu tana gajiyar da ni, ba zan yi ƙarya ba. Amma na koyi cewa hutun da babu wanda ya san inda kake ba hutu ba ne, kuma mutumin da ya dame ka da gaisuwa shi ne zai fara lura ranar da ka yi shiru. Duk lokacin da nake Guangzhou, da sassafe nakan ɗauki sandata da fulas in bi ɗakunan mata. Akwai wata 'yar Zinder da takan amsa min daga ciki da muryar barci, ina jin tsakinta ta bayan ƙofa. Nakan tsaya a wurin, ƙuguna yana zogi, har sai ta buɗe na ga fuskarta.