Layin Gawayin Yaya

Jama'a, yau salula ta sa na goge alamar ƙarshe da yayana ya bari!

Wani injiniya ya zo rumfarmu ta katako, zai yi rufin makaranta a Garu. Salularshi na ɗaukar hoton katako, ta faɗi ingancinshi. Waɗanda sunka fi kyau duk ta ƙi su!

Ya ce, "Alhaji, sun tsage."

Na ce, "Wace tsagewa! Gawayi ne. Marigayi yayana ke ja ma na ƙwarai layi."

Na goge guda da bakin riga. Take salular ta yarda! Ya ce in goge duka.

Na goge. Na waiwaya in ba Yaya labari mu yi dariya. Kujerarshi kawai na gani.