Tabarmin Baba a Gindin Mangwaro

Jiya maƙwabciyata ta yayyafa ruwa kafin shara, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuna mini da Baba, shugaban 'yar jam'iyyarmu ta talakawa a Kpakungu.

Duk Juma'a bayan la'asar yakan yayyafa ruwa a gindin mangwaro, ya shimfiɗa tabarmi. Ba ya yarda da kujera, wai kada wani ya zauna sama da wani. Leburorin jirgin ƙasa da manoman Beji har rasa wuri suke.

Da zaɓe ya matso, babbar jam'iyya ta fara raba kekuna. Muka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, amma bai rage tabarma ko guda ba.

Wata Juma'a na biyo a kan sabon kekena, na same shi shi kaɗai.

"Isa, sauko mana, wurinka yana nan."

"Baba, sauri nake."

"To, a sauka lafiya. Keken ya yi kyau."

Ba a jima ba soja suka rushe jam'iyyun duka. Keken ya ruɓe, Baba ya rasu ban koma na zauna ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya zaunar da shi cikin waɗanda suka fi mu riƙon amana.