Na Sayar da Ɗakin Balki

Kafin a fara nuna ni da baki a Maraɗi, ni yarinya ce marar hayaniya. A Sabon Gari aka haife ni, babana malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Na gama lise, wato babbar sakandare, da sakamako mai kyau. Ina da wani littafi mai koren bango da nake rubuta waƙoƙi a ciki, kan Gulbi idan ya kawo ruwa, kan inuwar bishiyar ƙofar gidanmu. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

Aikina na farko shi ne koyar da jikokin wata Hajiya, matar wani babban ɗan kasuwa. A falonta akwai ƙatuwar tele, da abonma na kallon finafinai ta intanet wanda ɗanta Sani yake biya duk wata. Abonma ɗaya ne, amma an raba shi biyar, kowa da sunansa da hotonsa. Ɗaki muke ce wa kowane kashi. Ɗaki na ƙarshe na Balki ne, autar Hajiya, wadda ta rasu kafin in fara zuwa gidan. Wani dogon fim take bi lokacin da ciwo ya kwantar da ita. A ƙarƙashin hoton fim ɗin akwai ɗan jan layi, ya tsaya daidai inda ta tsayar da shi.

Hajiya ba ta karanta boko, don haka ni ta ba kod ɗin shiga. Kowace Juma'a bayan la'asar takan sa in buɗe mata ɗakin Balki. Ba ta kallon fim ɗin. Layin kawai take duba, ta yi addu'a, ta shafa, ta ce, "To, rufe, ɗiyata."

Abin da na fara yi ƙarami ne: na sa kod ɗin a wayata don in riƙa kallo a gida. Na ce wa kaina ai ba abin da ya ragu. Sai wata ƙawata ta Tibiri ta roƙe ni, na ba ta, ta aiko mini da turare. Maƙwabciyarta kuma kuɗi ta aiko. Ranar na gane cewa abin da ke hannuna haja ce.

A lokacin kowane gida so yake a ce yana da abonma. Ƙawayen Hajiya suka riƙa kirana in haɗa musu nasu, tunda ni ce yarinyar kirki mai ilimi. Duk gidan da na shiga sai in fito da kod ɗinsa, in rubuta a bayan littafin waƙoƙina. Ɗaki ɗaya nakan sayar wa gida uku. Daga baya har na daina jin nauyi: in karɓi kuɗin shekara, in ba mutum kod ɗin da zai daina aiki bayan mako guda, in toshe lambarsa.

Wata rana wani manomin rani daga Jiratawa ya zo a kan kabu-kabu yana nemana. Ango ne, ya sayar da albasarsa ya saya wa amarya tele. Ya ce, "Malama, ki taimaka, na riga na yi mata alkawari." Duk ɗakunan da nake da su sun cika, saura na Balki. Sai na ce a raina, ai mamaci ba ya kallo. Na ba shi, na ce kada su taɓa fim ɗin da ke sama. Ya yi dariya ya ce, "An gama."

Juma'a ta zo, na buɗe wa Hajiya ɗakin. Layin ya matsa.

Ta miƙe tsaye, carbinta ya faɗi. Ta je har gaban tele ta ɗora yatsa a kan gilashin. Ta ce, "Ɗiyata, idona ne, ko ke ma kin gani?" Na ce na gani. Ta ce, "Wa ya taɓa?" Na ce ban sani ba.

Wannan kalmar ta fi duk satar da na yi muni. Mako uku layin yana tafiya, ni kuma ina tsaye ina kallon tsohuwa tana ramewa. Ta daina cin abinci. Ta yi sadakar masa, ta sa aka sauke Alƙur'ani. Ta ce da ni, "Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, Allah Ya yafe mini. Amma ko akwai abin da take so in yi mata ne?" Na kira angon sau biyu, wayarsa ba ta shiga. Kuɗin kabu-kabu zuwa Jiratawa bai fi ƙarfina ba. Tsoro ne ya hana ni, don in na gyara, za a tambaye ni yadda aka yi na sani.

A Juma'a ta huɗu muka buɗe, babu sunan Balki. Angon ya goge shi ya sa na amaryarsa, ya canza hoton, fim ɗin kuma an kalle shi har ƙarshe. Hajiya ta ce in karanta mata abin da ke rubuce. Na karanta mata sunan wata mace da ba ta taɓa ji ba. Ba ta yi kuka ba. Sulalewa ta yi ƙasa kamar zanen da aka saki.

Sani ya dawo daga tafiya washegari. Bai ɗauki lokaci ba ya buɗe jerin wayoyin da ke shiga abonma ɗin, ya ga baƙi cike. Ya juyo ya ce, "Malama, ba ni wayarki." A komisariya, ofishin 'yan sanda, aka buɗe koren littafina. Ɗan sandan ya karanta baiti ɗaya na waƙar Gulbi da ƙarfi, ya juya bayan littafin ya ga kod na gidajen mutane jere, ya ce, "Ke duk ke ce wannan?" Kafin azahar waɗanda na cuta sun cika tsakar wurin, daga Tibiri, daga unguwarmu. Angon ma ya zo. Da aka gaya masa ɗakin wa ya goge, sai ya dafe kai ya zauna a ƙasa yana salati. Babana yana tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Tsofaffin ɗalibansa ne rabin masu ƙarata.

Alƙali ya tura ni gidan kaso. Ba zan ba ku labarin zafi da cunkoso ba. Abin da ya fi damuna shi ne Juma'a. Da na ji kiran la'asar sai in ga yatsan nan a kan gilashi.

Da aka sake ni, na bi gidajen da na cuta ɗaya bayan ɗaya, babana yana raka ni. Wasu sun yafe, wasu sun rufe ƙofa, kuma suna da gaskiya. Gidan Hajiya na bari ƙarshe. Na durƙusa na ce, "Hajiya, na tuna wurin da Balki ta tsaya a fim ɗin. Wata mata ce a bakin ƙofa, da kofi a hannunta. Zan iya mayar da sunan, in mayar da layin daidai wurin."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Bar shi. Ba hannun Balki ne zai tsayar da shi ba." Ta ce ta yafe mini don Allah, amma kada in ƙara kiran kaina ɗiyarta.

Ƙannena, maza da mata, yau a wayoyinku akwai kod na iyayenku, na kakanninku, na maƙwabtan da ba su iya karatu ba suka miƙo muku. Makullin gida ne suka ba ku, ko da ba ya yin ƙara a aljihu. Kada ku ba kowa sai da izinin mai shi. Kada ku ce ba abin da ya ragu, don ba ku san abin da mutum ya ajiye a ciki ba. In kuma kun riga kun yi, ku faɗa tun a tambayar farko. Na tuba, ina roƙon Allah Ya karɓa. Kuɗin mutane na mayar, waƙa ma na koma rubutawa. Ɗan jan layin nan ne har yau ban sami inda ake mayar da shi ba.